Waifai ɗin gidanku baya kaiwa uwar ɗaki? Tsaya tukuna, kada ka sayi sabuwar rauta

Kusan wata huɗu muka yi a gidanmu muna zagin kamfanin da muke amfani da layinsu, kullum bayan isha'i sai ka ji Hajiya daga ɗakinta tana ƙwala min kira wai abin nan naku ya sake tsayawa, tana cikin kiran bidiyo da ƙanwata da ke aure a Jidda sai hoton ya daskare, bakin yarinya a buɗe kamar wadda aka kama tana hamma, murya kuma na zuwa gutsi-gutsi. Ni kuma in ce Hajiya ai sabis ne, ƙasar ce haka sai haƙuri. Har na fara zagaya Farm Centre ina tambayar kuɗin sabuwar rauta, wato na'urar nan da ke raba waifai a gida. Ashe an bar jaki ne ana dukan taiki, rautar tana falon Baba a bayan talabijin, an cusa ta cikin lungun kabad saboda wai wayoyinta suna ɓata ado, kuma tsakaninta da ɗakin Hajiya akwai bangon bulo har 4 da firiji da wata ƙatuwar wadirof mai madubi. Ranar da na ciro ta na ɗora a kan wani katako kusa da tagar korido, ko sisi ban kashe ba, tun daga ranar Hajiya ba ta sake kirana a kan wannan maganar ba.

Toh abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne sabis biyu ne a gidanka, ba ɗaya ba, kuma yawancin mutane a nan suke rikicewa. Akwai wanda ke tasowa daga ƙarfen sabis na kamfani ya shigo rautarka, akwai kuma wanda ke fita daga rautar ya isa wayarka, wannan na biyun shi ne waifai. Kamar ruwan gida ne, akwai bututun da ke kawo ruwa cikin tanki, akwai wanda ke ɗauka daga tanki zuwa famfon banɗaki. In tankin babu ruwa ko famfon zinare ka saka ba abin da zai zubo, in kuma tankin a cike yake amma bututun cikin gida ya toshe to zuwa yi wa ma'aikatar ruwa masifa ɓata baki ne. Shi ya sa zaka ga alamar waifai a wayarka ta cika taf amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya, alamar nan tana faɗa maka ne kawai cewa kana kusa da rauta, ba ta san komai ba game da abin da ke shigowa daga waje.

Gwajin raba su ba wuya. Tsaya daf da rautar, kamar taku biyu, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka bari ta gama ka rubuta lambar da ta baka. Sai ka tafi ɗakin da ake kuka da shi, da wayar nan dai ba wata ba, ka sake gwadawa. In kusa da rauta kana samun misali 25 Mbps, wato ma'aunin gudun intanet, amma a ɗakin ka samu 2, to ciwon a cikin gida yake kuma kai zaka iya maganinsa. In kuwa a gaban rautar ma 2 ɗin kake samu, ka bar batun bango da ɗakuna, matsalar daga waje take. Kuma kada ka yi gwajin sau ɗaya ka yanke hukunci, yi bayan sallar asuba sannan ka sake yi tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, idan da asuba yana gudu kamar me amma da daddare ya koma tafiyar hawainiya to cunkoso ne, duk unguwa sun hau ƙarfe ɗaya kowa na kallon TikTok, wannan kam ba abin da zaka taɓa a rauta ya gyara shi sai dai ka gwada layin wani kamfanin. Don ka san ma'aunin, 5 Mbps ya ishi mutum ɗaya kallon bidiyo tangaran, kiran bidiyo bai ma kai haka ci ba, saboda haka ba sai ka ga 100 ba sannan hankalinka zai kwanta. Wani abu kuma, in tsarin da ka saya irin wanda ake cewa ba iyaka ne, duba ko ka wuce adadin da suka yanka, domin da yawansu in ka kai wani mizani rage maka gudu ake yi har wata ya ƙare, ka yi ta jujjuya eriya a banza.

Yanzu mu ɗauka ciwon na cikin gida ne. Wurin ajiye rauta shi ne rabin aikin, ni a ganina ma ya fi rabi. Ka tuna yadda ake kafa lasifikar masallaci, ba wanda ke ajiye ta a ƙasa bayan tabarmi, sama ake kai ta inda ba abin da ya tare ta. Haka rauta take so, sama da tsayin mutum in da hali, a fili, kuma a tsakiyar inda mutane ke zama ba a ƙarshen gida ba, saboda siginal ɗin kewaye yake fita ta kowace fuska, in ka ajiye ta a falon gaba jikin bangon titi to rabin waifai ɗinka masu shayi da 'yan majalisar ƙofar gida kake rabawa, matan gida da ke can ciki kuma suna fama da sanda ɗaya. Gidajenmu da yawa dogaye ne, zaure ko falon maigida a gaba, ɗakuna jere har ƙurya, to irin wannan gida korido ko barandar tsakar gida ce mazaunin rauta, in dai rana da ruwan sama ba za su same ta ba.

Abubuwan da ke cinye siginal kuwa ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Labule da ƙofar katako da silin kusan ba ruwansu. Bangon bulo yana ci sosai, ɗaya ko biyu za a sha, daga uku zuwa sama sai addu'a, ginin ƙasa mai kaurin nan na cikin gari shi ma ba baya ba. Dakin ɗin bene, wato rufin da ya raba sama da ƙasa, ya fi su duka mugunta saboda kankare ne ga rodi a saƙe a ciki, shi ya sa na sama ke kuka alhali rautar tana ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ƙarfe, ƙofar ƙarfe, firiji, kwanon rufi, get, duk mayar da siginal suke baya. Madubi ma haka don bayansa shafen ƙarfe ne, talabijin kuma da muke son ɓoye rauta a bayanta ita ma garkuwa ce. Sai ruwa, wannan mutane ba su cika sani ba, ruwa yana shanye siginal ɗin waifai, saboda haka durom ko jarkoki da aka jera a lungun korido in suka shiga tsakaninka da rauta zaka ji a jikinka. Jikin mutum ma ai yawancinsa ruwa ne, ranar suna ko biki in falo ya cika zaka ga abin ya ƙara lalacewa, ba yawan masu hawa ne kaɗai ba. Abin da zaka yi shi ne ka tsaya a wurin rautar ka miƙa hannu saitin ɗakin da ke da matsala, ka lissafa me da me layin nan zai ratsa in an ja shi a miƙe, wani lokacin matsar da ita taku uku kawai zai sa layin ya bi ta ƙofa maimakon ya ratsa bango biyu. Kuma ratsa bango a karkace ya fi ratsa shi kai tsaye cin siginal don kaurin da zai keta ya ƙaru.

In kana so ka daina aiki da ƙiyasi, sauke ɗaya daga manhajojin nan masu suna WiFi Analyzer a wayar Android, za ta nuna maka ƙarfin siginal da lamba mai alamar ragi a gaba, dBm ake ce wa ma'aunin. In ka ajiye alamar ragin gefe, ƙaramar lamba ita ce mai kyau, -50 lafiya lau, -60 babu laifi, wajen -67 nan ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba gargada, in ka kai -80 to sunan waifai kawai kake gani. Kada ka raina bambancin lamba uku, duk ragin 3 a wannan ma'aunin rabin ƙarfin ne ya tafi. Riƙe wayar ka zagaya ɗaki ɗaki, ka sa ƙaninka ya riƙa matsar da rautar da doguwar wayar wuta kuna gwadawa, kafin ka buga ƙusa ko ɗaya.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu ba intanet na kebul muke da shi ba, rauta ce mai cin sim, ita kuma tana da buƙata biyu masu karo da juna, tana son tsakiyar gida don ta raba waifai, tana kuma son bakin taga don ta jiyo ƙarfen sabis. In ka kai ta tsakiya kowa zai ga alama ta cika amma gudun ya faɗi, in ka kai ta taga gudu ya dawo amma na ƙurya sun rasa. Don ka san wace taga ce ta fi, shiga shafin rautar, juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasanta zaka ga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, rubuta shi a burauza ka shiga da suna da kalmar sirrin da ke jikin takardar. Nemi inda aka rubuta RSRP da SINR. Na farkon ƙarfin abin da ke isowa ne daga ƙarfen sabis, wajen -80 ya yi kyau sosai, -100 ya fara rauni, -110 da abin da ya wuce haka wahala ce. Na biyun tsaftar siginal ɗin ne, nan kuma babbar lamba ake so, 20 zuwa sama madalla, ƙasa da 5 akwai hayaniya a ciki, kuma ni na fi kula da shi don na sha ganin sanduna a cike amma SINR a ƙasa kuma gudun ba daɗi. Bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ka ba ta kamar minti biyu lambobin su daidaita, har juya fuskar rautar kaɗan yana canza su. Taga mai ragar ƙarfe ta sauro tana rage wani abu, bene kuma kusan kullum ya fi ƙasa. In ka dace tagar da ta fi kyau tana tsakiyar gida kamar yadda muka dace, shikenan ka huta. In ba haka ba, bar rautar a tagar da ta fi sabis, batun kai waifai ciki kuma akwai hanyarsa, zan zo kai.

Masu rauta mai ƙahonni, a tsaye ake barin eriya in gidan ba bene ba ne. Mutane suna nuna ta saitin ɗakin da suke so kamar bindiga, alhali ta tsinin nan ne ma siginal ya fi rauni, ta gefe yake bazuwa kamar ka soka sanda a tsakiyar faifai. In bene ne kuma eriyar ta kai biyu, kwantar da ɗaya ka bar ɗaya a tsaye, wadda ta kwanta ita za ta riƙa jefawa sama da ƙasa. Dabarar nan ta saka farantin alminiyom ko takardar foyil a bayan rauta kuwa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tana tura siginal gefe guda kaɗan, amma abin da ta ƙara a gaba daga baya ta ɗebo shi, kuma in rautar mai sim ce kana iya tare mata ƙarfen sabis ɗin ma baki ɗaya, ni dai ban ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Tunda ka riga ka shiga shafin rautar, duba ko tana fitar da waifai iri biyu, 2.4GHz da 5GHz. A nan akwai ruɗani babba, in ka ga sunan waifai ɗinka da 5G a ƙarshe ba 5G ɗin nan na kamfanonin waya ba ne da MTN ta fara a Najeriya a 2022 Airtel ta biyo a 2023, suna ne kawai ya zo ɗaya, wannan zangon waifai ne na cikin gida. Shi 5GHz ya fi gudu kuma ba cunkoso amma ba shi da juriyar bango, 2.4GHz ya fi nisa da ratsa gini amma kowa a kansa yake, har Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta kicin a zangon suke. Abin da nake yi shi ne in raba musu suna, wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ko maƙwabcinsa da talabijin ɗin falo su hau 5GHz, na nesa su hau 2.4GHz, in ka bar su da suna ɗaya wata wayar sai ta nace wa wanda bai dace da ita ba. Sannan batun tasha, wato channel a shafin. A 2.4GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, manhajar nan da ka sauke za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru sai ka zaɓi wadda ta fi sauƙin jama'a cikin ukun, faɗin tashar kuma ka bar shi a 20MHz. Gaskiya in gidanka shi kaɗai ne mai waifai a layinku wannan ba zai canza komai ba, amma a gidan haya mai ɗakuna da yawa ko hostel ɗin ɗalibai ko rukunin gidaje inda zaka buɗe waya ka ga sunaye goma sha, yana taimakawa ƙwarai.

Sai 'yan hawan ƙawara. A shafin akwai jerin duk na'urorin da ke kan waifai ɗinka a lokacin, ƙirga su ka ƙirga na gidanka. Ranar da na fara dubawa 17 na gani, mu kuma duk gidan har da talabijin ba mu wuce 9 ba. Ba wai kutse aka yi mana ba, yaron gida ne ya ba abokinsa, abokin kuma ya buɗe wayarsa ya nuna wa wasu lambar QR, don tun daga Android 10 duk wanda ke kan waifai zai iya raba shi ta haka ba tare da ya san kalmar sirrin a ka ba. Canza kalmar, ka sa doguwa wadda ba lambar wayar maigida ba ce ba kuma sunan auta da shekarar haihuwarsa ba, tsaron ya zama WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ta danna maɓalli ko sa gajeriyar lamba, sannan ka canza kalmar shiga shafin rautar kanta domin da yawa admin ce har yau kuma duk yaron unguwa ya sani. Toshe mutum ɗaya ɗaya baya aiki sosai yanzu saboda wayoyin zamani suna iya sauya lambar shaidarsu ta MAC su dawo kamar sababbi, gara ka yi akasin haka, ka rubuta na 'yan gida kawai a jerin waɗanda aka yarda da su. In kuma kana jin nauyin maƙwabci, ai zaman tare ya wuce data, buɗe masa waifai na baƙi daban in rautarka tana da shi, wasu har suna bari ka yanka masa iyakar gudu. Su ma 'yan gidan a duba su, kwamfuta mai Windows tana iya kama sabunta kanta ta shanye layin kowa, haka wayar da ke tura hotuna da bidiyon biki zuwa Google Photos, a kwamfutar ka saita waifai ɗin a matsayin mai awo wato metered sai ta rage wannan ɗabi'ar.

Wuta da zafi su ma suna da hannu, kuma ba a cika kawo su a lissafi ba. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, a watan Afrilu da Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40 in ka rufe ta da ƙyalle don ƙura ko ka ajiye ta a taga rana na dukanta, za ta yi zafi ta fara rage aiki ko ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Taɓa ta da rana tsaka ka ji, in ta yi zafin da ya wuce misali ka sama mata inuwa da iska, ƙurar hunturu kuma a busa mata ramukan. Ƙaramar MiFi ta aljihu da ake bari a caji dare da rana batirinta kumbura yake yi, in ka ga murfin ya fara ɗagowa cire shi kada ya jawo gobara, kuma dama ita ba a yi ta don gida guda ba, ɗaki ɗaya ce da mutum kaɗan. Adaftar wuta ma a kula, in ta asali ta ƙone aka sayo wata a bakin titi wadda ba ta kai ba sai rautar ta riƙa yankewa musamman in mutane sun yi yawa a kai, karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, yawanci 12V ne da amfiya 1 ko sama da haka, ka sayi daidai shi. Don ɗauke wutar Nepa kuma akwai ƙaramin UPS na rauta mai riƙe ta awanni, ko kebul mai ɗaga 5V na fawa bank zuwa 12V, ko ba komai ka huta da jiran minti biyu uku tana tashi duk lokacin da aka juya zuwa janareta. Kashe ta da kunnawa sau ɗaya a mako ba laifi ba ne, amma in sai ka yi haka kullum sannan take aiki to akwai abin da ke damunta.

In duk ka yi waɗannan har yanzu ƙurya ko bene ko ɗakin samari na baya bai samu ba, yanzu ne za a taɓa aljihu. Kada a ruɗe ka da rauta mai eriya takwas wai mai ratsa bango, domin magana ce ta kai da kawowa, ko da muryar rautar ta iso ka ita ma wayarka sai ta mayar da amsa, ita kuwa 'yar muryarta ba ta ƙaru ba. Ladan kana jin sa daga nesa, kai in ka amsa daga ɗakinka zai ji ka? Abin da ke aiki shi ne a kawo wata rautar kusa da mutanen, kuma hanyar da ta fi kowacce inganci da araha ita ce kebul. Sayi kebul na LAN, Cat5e ko Cat6, yana kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, ka ja shi ta silin ko jikin bango daga rautar farko zuwa ɓangaren da ba ya samu, ka jona shi da kowace tsohuwar rauta da ke da ramin LAN, ko wadda aka jefar a durowa don an daina amfani da layinta tana iya yi. In tana da zaɓin Access Point a saitinta danna shi kawai ka gama. In babu, shiga shafinta tun kafin ka haɗa su, ka ba ta adireshin da ke gida ɗaya da ta farkon amma lambar ƙarshe daban, misali ta farko tana 192.168.0.1 ita ka sa mata 192.168.0.2, sai ka kashe DHCP ɗinta don kada su biyun su riƙa rabon adireshi suna rikita wayoyi, kebul ɗin kuma ya shiga ramin LAN ba WAN ba. Ka sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta farko amma tasha daban, in waccan tana 1 wannan ta zama 6 ko 11. Masu Starlink ma, intanet ɗin tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, wannan maganar ta shafe su, farantinsa a saman kwano yana kawo gudu mai yawa amma rautarsa ita ma bango ɗaya take gani da kowa, sai dai wani samfurin nasu ba shi da ramin kebul sai ka sayi adafta daban.

Rifita, 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket ta kama waifai ta sake watsawa, ita ce kowa ke fara saya don ba jan waya, ni ma na saya. Tana aiki amma ka san abu biyu, masu arahar suna raba gudun kusan biyu saboda baki ɗaya suke saurare da magana da shi, sannan ba a cikin ɗakin da ba sabis ake saka ta ba, wannan shi ne kuskuren kowa, a tsakiyar hanya ake sa ta inda siginal ɗin ke da sauran ƙarfi kamar -60, in ka ba ta ragowa ragowar za ta raba maka da alama a cike. Mesh irin su Deco na TP-Link ko Nova na Tenda sun fi ta hankali nesa ba kusa ba, guda biyu ko uku suna aiki da suna ɗaya kana yawo waya na sauyawa da kanta, ga mai hali shi ne sauƙi, amma a gidan dakin su ma in ka haɗa su da kebul sun fi daɗi. Masu bi ta wayar wutar gida kuwa ban cika ba da shawararsu a nan ba, wayarin ɗin gidajenmu da layin inbata daban na Nepa daban ga fes uku, sau da yawa soket biyun ba sa ma ganin juna.

Wanda kuma gwajinsa ya nuna tun daga waje ne abin ya yi rauni, misali gidan bayan gari ko sabuwar unguwa, duba bayan rautar ko akwai ramuka biyu na eriyar waje, wasu a rufe suke da ɗan murfi. In akwai, eriyar 4G da ake kafawa a kan dogon ƙarfe a juya ta saitin ƙarfen sabis tana iya ɗaga RSRP sosai, sai dai kebul ɗinta kada ya yi tsawo don shi kansa yana shan siginal, kuma ka tafi da rautar zuwa kasuwa a gwada bakin ya shiga don ba iri ɗaya ba ne. Kafin ma wannan, ari sim na wasu kamfanonin ka gwada a waya a daidai wurin, wani lokacin ƙarfen wani kamfani yana bayan gidanka kai kana ta wahala da na nesa, in rautarka a kulle take da layi ɗaya sai ka nemi wadda ke cin kowane sim. Busta ta sabis ɗin waya da wasu ke kafawa kuwa ka bar ta, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gargaɗi a kan amfani da ita ba izini don tana dagula wa maƙwabta nasu sabis ɗin, 'yar sitikar nan da ake mannawa a bayan waya wai tana jawo sabis ita kam kuɗinka kawai za ta jawo.

Wajen sayen kebul na LAN, ko a Beirut Road ne ko ina, ce wa mai shago jan ƙarfe zalla kake so, akwai mai araha da alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, in ka kankare bakin wayar da reza ka ga fari a ciki to shi ne, yana karyewa kuma a dogon zango yana ba da matsala. A matse maka kawunan a shagon a gwada a gabanka. In kebul ɗin zai fita waje zuwa wani ginin daban, sayi na waje mai baƙar riga ko ka zura shi cikin bututun roba ka binne, kada ka rataya shi a sama daga kwano zuwa kwano kamar igiyar shanya, rana za ta cinye rigar cikin 'yan watanni, sannan da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya ka zare shi daga jikin rautocin biyu har ruwan ya wuce. Ni ban yi haka ba a daminar farko, tsawa ɗaya aka yi cikin dare, da safe ramin LAN ɗin rautar ɗakin samari ya mutu murus, sai da na koma na biyun da ke gefensa.